Daraktoci masu zaman kansu da darajar hannun jari: me bincike ya tabbatar, me ya kasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina karatun digiri na biyu a fannin harkar kuɗi, kuma an amince mini in yi bincike a kan tasirin yawan daraktoci da 'yancin kansu ga ribar kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya. Abin da ya ɗaure mini kai, duk binciken da na ɗauko kowa da nasa sakamakon. Mahaifina kuma ya zuba kuɗin sallamarsa a hannun jarin bankuna a 2007, suka narke. Shin da gaske kyakkyawan shugabanci yana ƙara wa kamfani daraja, ko dai magana ce ta takarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya mayar wa Baba da alheri. Ba shi kaɗai ba ne, akwai gidaje da yawa da takardun hannun jarin 2007 ke kwance a ƙarƙashin akwati har gobe.

Shugabanci yana da tasiri, wannan ba na shakka a kai. Shakkata tana kan abin da kake shirin ƙirgawa. Na duba kundayen ɗalibai masu irin wannan batu naka da yawa, har na kai in na ga take na san abin da ke babi na huɗu: kamfanoni ashirin ko talatin, shekara goma, yawan daraktoci a gefe, riba a ɗaya gefen, a danna kwamfuta ta fito da lamba. Wannan ya ce alaƙar mai kyau ce, na kusa da shi ya ce mummuna ce, na uku ya ce babu alaƙa sam. Kowa kuma ya rufe da shawarar cewa hukuma ta tilasta wa kamfanoni bin abin da ya samu. Ba rashin ƙoƙarin ɗaliban ba ne. Tambayar ce aka aro daga wata ƙasa mai wata matsala dabam, sannan aka auna ta da mudun da ba ya cika.

Asalin maganar ba baƙo ba ne a wurinmu. Alhaji ya buɗe wa yaronsa shago a Kantin Kwari, ya zuba masa kaya, shi kuma ya tafi harkarsa. Yaron ne ya san nawa aka sayar da bandir, shi ya san wanda ya ɗauki bashi da wanda ya biya. Alhaji sai abin da aka faɗa masa ranar lissafi. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan ramin, shi ya sa suka yi wa ƙiradi, wato ba wani kuɗi ya juya a raba riba, sharuɗɗa: a san adadin uwar kuɗi, rabon riba ya zama kaso sananne ba wani adadi yankakke ba, kuma mai juya kuɗin ba ya ɗaukar asara sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Adam Smith ma tun 1776 ya yi ƙorafin cewa daraktoci masu juya kuɗin wasu ba za su tsare shi kamar nasu ba. A 1932 Berle da Means suka nuna yadda manyan kamfanonin Amurka suka zama mallakar dubban mutane da kowannensu ɗan ƙanƙanin kaso gare shi, har iko ya koma hannun manajoji. A 1976 kuma Jensen da Meckling suka zuba wannan a ma'aunin lissafi, suka ce duk inda wakili ya bambanta da mai dukiya akwai kuɗin da ke zubewa: na sa ido, na lamuni, da wanda ke salwanta duk da haka. Riƙe wannan hoton da kyau, domin zan dawo kansa: masu kamfani da yawa amma raunana, manaja ɗaya mai ƙarfi. Kusan duk magungunan da ake koya muku a aji, wannan cutar aka yi wa su.

Binciken da ya fi sa mutane cewa shugabanci na kawo kuɗi shi ne na Gompers da Ishii da Metrick a 2003. Sun ɗauki manyan kamfanonin Amurka kimanin 1,500, suka ƙirga tanade-tanade 24 da ke ƙara wa manajoji kariya daga masu hannun jari, suka raba kamfanonin zuwa waɗanda masu jari ke da ta cewa da waɗanda manajoji suka kankane. Suka gano cewa wanda ya sayi na farkon ya sayar da na biyun a shekarun 1990 zai samu ƙarin ribar kashi 8.5 cikin 100 a kowace shekara. Lambar ta yi tashe, kamfanonin ba da shawara suka shiga sayar da makin shugabanci. Shekara goma bayan nan Bebchuk da Cohen da Wang suka sake gwada dabarar a kan shekarun 2000 zuwa 2008, sai ga ƙarin ribar ya ɓace. Bayaninsu shi ne kasuwa ta farga, ta riga ta sa abin a cikin farashi. Ka lura da bambancin, don ɗalibai na yawan haɗa su: kamfani mai kyakkyawan shugabanci zai iya fin wani daraja, amma in kowa ya san da haka, tsada za ka saye shi, ba kuma lallai ka fi kowa cin riba ba.

In ka zo kan hukumar daraktoci kanta, nan ruɗanin da ka gani ya samo asali, kuma ba daga Najeriya ya fara ba. Yermack a 1996 ya duba manyan kamfanonin Amurka 452 ya ce masu ƙarancin daraktoci sun fi daraja. A 2008 Coles da Daniel da Naveen suka ce a'a, kamfani mai rassa da harkoki iri-iri ya fi amfana da babbar hukuma. Bhagat da Black sun nemi alaƙa tsakanin yawan daraktoci masu zaman kansu, wato na waje waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne, da nasarar kamfani ta dogon lokaci ba su samu ba. Mafi ban mamaki, da Erkens da Hung da Matos suka bibiyi cibiyoyin kuɗi 296 a ƙasashe 30 lokacin rikicin 2007 zuwa 2008, waɗanda suka fi yawan daraktoci masu zaman kansu ne hannun jarinsu ya fi faɗuwa. Enron kuwa, katafaren kamfanin makamashi na Amurka da ta durƙushe a Disamban 2001, mafi yawan daraktocinta daga waje suke, kuma shugaban kwamitinta na binciken kuɗi farfesan akanta ne da ya taɓa shugabantar makarantar kasuwanci ta Jami'ar Stanford. A takarda babu abin da za ka kushe.

Me ya kawo wannan saɓani? Kowane yaro a ƙauye ya san in shamuwa ta sauka damina ta kusa. Amma ba wanda zai kama shamuwa cikin rani ya ɗaure a bishiya yana jiran ruwa. Abu biyu su zo tare daban, ɗaya ya haifi ɗaya daban. Ba a raba wa kamfanoni daraktoci da ƙuri'a, kowane kamfani shi ke zaɓen nasa bisa halin da yake ciki. Hermalin da Weisbach sun nuna tun 1988 cewa kamfanoni sukan ƙaro daraktocin waje ne bayan sun yi asara. To in ka ga kamfani mai asara cike da daraktoci masu zaman kansu, su suka jawo asarar, ko asarar ce ta kira su? Haka nan shugaban da ya ƙware ya kawo riba, ƙarfinsa kan ƙaru har ya cika hukuma da mutanensa, sai lissafinka ya nuna maka wai rashin 'yancin hukuma na kawo riba. Kwamfuta ba ta san wannan ba, abin da ka zuba mata take niƙawa.

Saboda haka masu bincike na gaske suka koma farautar lokutan da sauyi ya faɗo wa kamfani ba da zaɓinsa ba. Wannan ɓangaren na fi so in koyar, don a nan ake ganin basira. Nguyen da Nielsen suka ce a duba abin da ke faruwa da farashi idan darakta mai zaman kansa ya mutu farat ɗaya, tunda mutuwa ba ta duba littafin ribar kamfani. Suka samu cewa hannun jari na sauka da kimanin kashi 0.85 cikin 100. Ba yawa, amma shaida ce mai tsabta cewa kasuwa na ganin amfanin wasunsu. A Denmak, Bennedsen da abokan aikinsa sun so su san ko miƙa kamfani ga ɗan gida na rage riba. Sai suka lura cewa in ɗan farin mai kamfani namiji ne, an fi miƙa wa dangi ragama, kusan kashi 39 cikin 100, in kuma mace ce sai ya sauka zuwa kusan 29. Jinsin ɗan fari kuwa Allah ke ba da shi, ba ruwansa da ƙarfin kamfani. Da suka bi ta wannan ƙofa cikin sauyin shugabanni fiye da 5,000, sai suka ga gadon gida na rage ribar aiki a kan kadara da aƙalla maki huɗu cikin ɗari. Duk wanda ya san yadda manyan gidajen kasuwanci na Kano da yawa suka watse bayan rasuwar mai su, zai karanta wannan da wani ido dabam. Fisman kuma ya bi jita-jitar rashin lafiyar Suharto na Indunusiya tsakanin 1995 da 1997, ya ga duk sanda aka ce shugaban ba lafiya, kamfanonin da ke jingine da iyalinsa sun fi sauran faɗuwa. Da haka ya auna kuɗin kusanci da fada. A Koriya ta Kudu, dokar 1999 ta tilasta wa kamfanoni masu kadarar da ta haura won tiriliyan 2 na kuɗin ƙasar su sa rabin daraktocinsu daga waje, sai Black da Kim suka kwatanta waɗanda ke sama da layin da na ƙasa da shi, suka ga darajar na saman ta ɗaga.

Ka ga ke nan amsar ba a'a ba ce. Inda aka yi awo da kyau an ga tasiri. Sai dai tasirin ya danganta da ƙasa, da irin kamfani, da kuma wace cuta ake magani.

Yanzu mu dawo kan hoton da na ce ka riƙe. A 1999 La Porta da Lopez-de-Silanes da Shleifer suka bi diddigin masu manyan kamfanoni a ƙasashe 27 masu arziki, suka tarar kamfanin da ba shi da uban gida abu ne na Amurka da Birtaniya da 'yan ƙasashe kaɗan. A sauran duniya, iyali ne ko gwamnati ke riƙe da wuyan kamfani. Najeriya tana cikin sauran duniyar nan tsundum. Dangote Industries na da fiye da kashi 80 na Dangote Cement. BUA Cement kusan duka yana hannun wanda ya kafa shi da kamfanoninsa. MTN Nigeria da Nestlé Nigeria kowannensu uwar kamfanin da ke waje ce ke da rinjaye mai yawa. Wannan ba laifi ba ne, har ma yana da fa'ida: mai kashi 80 ba zai yi barci manaja ya cinye masa dukiya ba, ko ba hukumar daraktoci zai kore shi da safe. Matsalar Berle da Means ba ta da ƙarfi a irin wannan gida. Wadda ke da ƙarfi ita ce tsakanin babban mai jari da ƙananan, irin su Baba.

Yi lissafin da kanka. A ce wani na da kashi 60 na kamfanin da ke kasuwa, yana kuma da wani kamfanin sufuri nasa shi kaɗai. In kamfanin kasuwar ya biya na sufurin ƙarin naira 100 a kan farashin gaskiya, ya yi asarar naira 60 a aljihun dama, ya karɓi naira 100 a na hagu. Naira 40 ɗin nan daga ƙananan masu jari ta fito, ba tare da an fasa ko da taga ba. Masana sun kira wannan haƙa rami ta ƙarƙashin kamfani, kuma Bertrand da Mehta da Mullainathan sun nuna alamunsa a rukunonin kamfanonin Indiya a 2002. Dyck da Zingales sun auna shi ta wata hanya: nawa mai saye ke ƙarawa a kan farashin kasuwa don ya samu kason da ke ba da iko? A ƙasashe 39 matsakaicin ya kai kashi 14 cikin 100 na darajar kamfani, a Birazil har 65, a Japan kuwa ƙasa da sifili. Ba wanda zai biya wannan ƙarin sai in ya san iko na da romon da ba a rabawa da kowa.

To wa ke zaɓen darakta mai zaman kansa a kamfanin da mutum ɗaya ke da rinjayen ƙuri'a? Shi ɗin dai. Doka na duba ko kai ma'aikacin kamfanin ne, ko danginka ne, ko kana da babban kaso. Ba ta duba ko ajinku ɗaya a sakandare, ko shi ya biya maka kujerar Makka, ko alawus ɗin zaman hukumar ne ke riƙe da gidanka tun da ka yi ritaya. Mutum zai cika duk sharuɗɗan 'yanci ya kuma zama ɗan amshin Shata. Kai kuma a jadawalinka za ka rubuta masa lamba ɗaya daidai da wanda ya taɓa cewa a'a.

Na taɓa halartar babban taron shekara na wani kamfani a Legas a matsayin ƙaramin mai jari. Tun daga ƙofa ake miƙa wa kowa jaka da lema da kayan kamfanin a ciki. Da aka buɗe fagen tambaya, wani dattijo cikin babbar riga ya karɓi makirufo ya shafe minti biyar yana yabon shugaba, ya roƙi a ƙara rabon riba baɗi, a kuma gyara abincin taro. Wata mata a bayana ta ɗaga hannu riƙe da rahoton shekara, ta naɗe wani shafi can wajen ƙarshe inda aka nuna bashin da kamfanin ya ba wani kamfani na ɗaya daga cikin daraktoci. Ba a kai gare ta ba aka ce lokaci ya ƙure. Aka karanta ƙudurori, aka amince da su cikin minti goma, jama'a suka yi layin abinci. A rahoton shekarar da ta biyo, an rubuta cewa kamfanin ya cika duk ƙa'idojin shugabanci. Kuma ba ƙarya aka yi ba.

Abin da ya ci kuɗin Baba ma daga wannan dangin yake. A 2004 Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005. Suka shiga kasuwa neman jari, talla ta cika rediyo da jaridu, malamin makaranta da ɗan fansho kowa ya saya. Ma'aunin farashin hannayen jarin kasuwar ya haura 66,000 a farkon Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo ya zube zuwa wajen 20,000. Abin lura, tun Afrilun 2006 akwai kundin shugabanci da Babban Banki ya ɗora wa bankuna, wanda ya raba kujerar shugaban hukuma da ta manajan darakta, ya kuma nemi a sa daraktoci masu zaman kansu. Duk da haka, ranar 14 ga Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba aka ƙara da Bank PHB da Spring Bank da Equitorial Trust, jimillar tallafin ta kai biliyan 620. Cecilia Ibru, shugabar Oceanic da aka sauke, ta amsa laifi a kotu a Oktoban 2010, aka yanke mata wata shida, aka kuma karɓe kadarori na kusan naira biliyan 190. A laccar da Sanusi ya gabatar a Jami'ar Bayero a Fabrairun 2010, ya bayyana yadda wasu bankunan suka riƙa buɗe kamfanonin bayan fage suna ba kansu bashi, suna kuma sayen hannun jarinsu da kuɗin masu ajiya don farashi ya tashi. Wato farashin da Baba ya gani yana hawa, wani ɓangarensa kuɗin masu ajiya ne ke tura shi. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya ɗauki rahotannin bankunan nan na 2007 ya ƙirga daraktoci da kwamitoci, zai ba su maki mai kyau, ga riba kuma ta tashi, sai ya kammala cewa shugabanci nagari ya kawo nasara.

Wani abin dariya mai ban takaici: rahoton 1992 da ya zama uban duk kundayen shugabancin kamfanoni a duniya, Sir Adrian Cadbury ne ya jagoranci kwamitinsa a Birtaniya. A 2006 kuma sai ga Cadbury Nigeria an gano an kumbura lissafinta na shekaru da abin da ya haura naira biliyan 13, har manajan darakta da daraktan kuɗi suka rasa kujerunsu.

Kada ka ɗauka ina cewa dokoki banza ne. Waɗanda ke aiki a irin kasuwarmu su ne masu taɓa ikon babban mai jari kai tsaye. Dubi PZ Cussons Nigeria. Uwar kamfanin da ke Birtaniya, mai riƙe da kusan kashi 73, ta nemi a 2023 ta saye kason ƙananan masu jari a kan naira 21, daga baya ta ƙara zuwa 23, ta fitar da kamfanin daga kasuwa. Hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta ƙi amincewa a Maris na 2024. A Maris na 2025 aka kawo ƙudurin mayar da bashin da uwar kamfanin ke bi ya koma hannun jari, abin da zai rage kason ƙananan, shi ma bai samu rinjayen da ake buƙata ba. Ba ina yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya ba ne, kowane ɓangare na da hujjarsa. Abin da nake nuna maka, inda aka ja birki ba ɗakin hukumar daraktoci ba ne, wurin hukumar sa ido ne da wurin ƙuri'ar da ba a bar mai rinjaye ya yanke shi kaɗai ba.

Akwai kuma matsalar mudu. Kamfanonin da ke kasuwarmu kimanin 150 ne, da yawansu sai a yi kwanaki ba a sayi hannun jarinsu ko sau ɗaya ba, wasu kuma kason da ke yawo a hannun jama'a ɗan kaɗan ne. Farashin da bai motsa ba wata uku ba ra'ayin kasuwa ba ne, tsohon labari ne, kuma duk wani awon daraja da ka gina a kansa ya gaji wannan rauni. In ka ce za ka koma ga ribar littafi, ga 2023 na jiranka. Da aka saki naira a tsakiyar shekarar, MTN Nigeria ta rubuta asarar kusan naira biliyan 137, Nigerian Breweries 106, Nestlé Nigeria 79, alhali manyan bankuna suna ƙirga ribar canji da ba su taɓa gani ba. Bankuna kuwa sun fi kowa yawan daraktoci. Ka zuba wannan shekara a lissafinka ba tare da tacewa ba, kwamfuta za ta rantse maka cewa babbar hukuma ce sirrin riba, alhali bashin dala da kadarar dala ka auna.

Da ni ne kai, ba zan jefar da batun ba tunda an riga an amince, zan karkata shi ne. Hanya ɗaya ita ce ka nemi sauyin da doka ta tilasta. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfanin jama'a daraktoci masu zaman kansu aƙalla uku, gyaran 2023 kuma ya mayar da shi kashi ɗaya bisa uku na hukumar. Wasu kamfanonin sun riga sun cika sharaɗin tun kafin dokar, wasu sai da suka ƙaro mutane. Kwatanta rukunin biyu kafin da bayan sauyin ya fi ƙirgan kai da kake shirin yi nesa ba kusa ba, ko da yake dole ka yi hattara don 2020 shekarar annoba ce. Akwai kuma ƙa'idar Babban Banki ta 2010 da a lokacin ta iyakance wa'adin manajan daraktan banki a shekara goma, wadda ta sa Jim Ovia na Zenith da Tony Elumelu na UBA da Akinsola Akinfemiwa na Skye suka sauka a Yulin shekarar. Mutum uku ba sa isa lissafi, amma labarin na da darasi ga mai nazarin iko, tunda Ovia da Elumelu duk sun dawo a matsayin shugabannin hukumar bankunansu a 2014.

Hanya ta biyu ita na fi so, kuma ita ce ɗalibai ke gudu don tana da wahala. Maimakon ka auna shugabanci da riba, auna shi da kuɗin da ke fita zuwa ga na gida. Tun da kamfanonin kasuwa suka koma ƙa'idojin lissafi na duniya a 2012, wajibi ne kowane rahoton shekara ya bayyana mu'amalar kamfani da makusantansa: sayayya daga kamfanonin uwa ɗaya, kuɗin fasaha da na amfani da suna da ake biya waje, bashin da aka ba daraktoci, hayar gini daga dangin shugaba. Bayanin na can baya cikin ƙananan rubutu, shafin da matar nan ta naɗe. Ba wanda ya tara maka shi a wuri ɗaya, sai ka zauna ka buɗe rahoto bayan rahoto ka kwafe da hannu. Kamfani arba'in na shekara takwas rahoto 320 ke nan, aikin wata biyu ko uku ne in ka dage. Amma in ka gama, kana da abin da zai ba ka damar tambaya mai ma'ana: shin kason da ke fita ta wannan ƙofa na raguwa idan daraktoci masu zaman kansu suka ƙaru? Shin kasuwa na rage wa irin waɗannan kamfanoni farashi? Shin inda kamfanonin fansho ke da babban kaso abin ya bambanta? Ko amsar ta fito babu tasiri, sakamako ne da za a iya tsayawa a kai. Ka kuma raba bankuna da sauran kamfanoni tun farko, dokarsu da tsarin littafinsu ba ɗaya ba ne. Sai ka je wa malamin da ke duba aikinka da wannan a rubuce, shafi biyu, kafin ka taɓa babi na uku.

Game da takardun Baba kuwa, kada a yar da su kafin a duba sunayen bankunan. Afribank da Spring Bank da Bank PHB an karɓe lasisinsu a Agustan 2011, aka miƙa kadarorinsu ga Mainstreet da Enterprise da Keystone, masu hannun jarinsu ba su tsira da komai ba. Amma Intercontinental ta shige cikin Access, Oceanic cikin Ecobank, Finbank cikin FCMB, kuma an musanya wa masu jarinsu da wani kaso, ko da ɗan kaɗan ne. In kuma akwai na bankunan da suka tsallake rikicin, mai yiwuwa akwai rabon ribar shekaru da ba a karɓa ba. Ka ɗauki takardun da katin shaidarsa da lambar BVN ku je wurin dillalin hannun jari mai rajista, ya bincika muku wurin magatakardan kowane kamfani, a cike fom ɗin biyan riba ta asusun banki.